Taken Auta na Hajjo

Ni na yi wa Auta takensa, saboda haka kada wani ya ɗauka mai hannu wankakke ne yake ba da labarin nan. Sunana Haruna, kalangu nake kaɗawa. Shi ubana ya kaɗa wa mahautan Birnin Gwari har ya mutu, ni ma shi na taso na tarar a rataye. Abin da zan faɗa a rumfar Mamuda mai tsire aka yi shi, a bakin tasha, da rana tsaka, a gaban kowa. Ba a ɓoye komai ba, shi ya sa ma babu wanda ya ga laifi.

Auta ƙanen Mamuda ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan dambe ne, kuma duniya ta san da shi kaka ɗaya da rabi. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ya je Kaduna ya kayar da wani ƙaton Basakkwace da ake ce wa Kututture, a turmi na biyu. Rediyo ya ambaci sunansa sau biyu. Jarida ta buga hotonsa, ko da yake rabin fuskar ya tafi a bayan kafaɗar wani ɗan sanda. Da wata kakar ta zagayo Kututture ya nemi ramuwa, ya kuwa samu. A bayan motar gyaɗa aka dawo mana da Auta, kwance a kan buhuna, yana kallon sama yana murmushi.

Ya tashi dai daga baya, amma ba duka ya tashi ba. Hannunsa na rawa, maganarsa sai ka jira ta, idonsa na hagu ya ɗan sauka. Aka kai shi wurin Malam Solomon na asibitin sha-ka-tafi. Ya haska masa ido da tocila, ya sa shi ya taka layi, Auta ya taka gefe.

"Kan nan ya tsage daga ciki, kamar ƙwarya," in ji Malam Solomon. "Ko mari kada a ƙara yi masa. Kun ji ni ko?"

Mutum uku ne a tsaye: Mamuda, da mahaifiyarsu Hajjo, da Hassana matar Auta. Duk ukun suka ce sun ji. Mamuda ma har ya ƙara da in sha Allahu.

Aka nema masa aikin da zai iya. Ya zauna a kan tabarma a bayan tukuba yana soke nama a tsinke, ɗaya bayan ɗaya, harshensa a ɗan waje. Yakan manta ranar da ake ciki. Yakan manta ya ci abinci ko bai ci ba. Hassana ce take ɗaure masa mazagin wando da safe. Shekara biyu yana haka, garin ya manta da shi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan hakan ba.

Wanda bai san dambe ba, bari in gaya masa abu ɗaya. Kowane ɗan dambe yana da kiɗansa na kansa, shi ake kira take. In aka kaɗa masa, jikinsa tsuma yake yi, ba shi da ikon zama. Ba yanga ba ce. Na ga wanda ya bar loma a hannu ya fito fage, na ga wanda ya fito da rabin aski. To Auta ya manta abubuwa da yawa, amma bai manta nasa ba, kuma ni na tona wannan asirin.

Ranar kasuwa ce, na zo wucewa ta tasha ina ɗan gwada tsarkiyar kalanguna da na sake. Hannuna ya tafi inda ya saba, ban sani ba. Sai na ji tire ya faɗi. Auta ya miƙe tsaye cak, rawar hannun ta ɗauke, ya ja ƙafar dama baya, ya miƙa hagu, ya buɗe baki ya yi kirari tiryan-tiryan, ko gargada babu. "Sai ni na Hajjo, gatari ba ka tambayar sunan itace!" Direbobin manyan motoci da suka tsaya cin abinci a hanyarsu ta Ikko suka taso da gudu. Wani tsoho a cikinsu ya ce ai yana nan Kaduna ranar da aka kayar da Kututture. Aka yi ta shewa. Kafin la'asar babu ko tsinke ɗaya a tukuba.

Da na tsayar da kiɗa Auta ya zauna daɓas. Ya rarrafa bayan rumfa ya yi amai, ya kwanta riƙe da kai, bai tashi ba sai washegari. Hassana ta ga aman. Mamuda ya ga tiren.

Kwana biyu bayan nan sai ga Mamuda a ƙofar gidana da cinyar akuya a cikin ganye.

"Malam Haruna, ka ga yadda yaron nan ya dawo hayyacinsa kuwa? Shekara biyu muna ta jiƙe-jiƙe, ashe maganin yana rataye a kafaɗarka. Don Allah ka riƙa leƙo mu ranar kasuwa. Ba dambe zai yi ba, motsa jini ne kawai."

Na kalli cinyar. Mai kitse ce. Na gaya wa kaina makaɗi ba ya ƙin kira, na ƙara da cewa in ban je ba wani zai je, alhali na san duk ƙasar nan babu mai iya kaɗa taken sai ni. Na karɓa. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, ya san sauran zancen.

Wata uku ana motsa jini. Mamuda ya samo tsohuwar jaridar nan ya sa ta a gilashi ya rataye a rumfa. Ya ciro wa Auta warkinsa da layunsa daga ƙasan akwati. Motar da a da take wucewa sai Tegina, yanzu tana cin birki a gabanmu. Mamuda ya ƙara tukuba ta biyu, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Sai wata rana wani direba mai tumbi ya ce shi kallo ya ishe shi, yana so ya tsaya a gaban Auta ko turmi ɗaya ne, don ya samu abin faɗa a Ikko. Ya ce zai sayi rabin tire. Mamuda ya yi tunani mai zurfi, ya kai tsawon juya tsinke biyu, sannan ya kafa doka.

"Wasa ne. Ba a bugun kai."

Ya kuma yi wata dabara da har yau in na tuna sai in jinjina masa. Ɗan dambe da igiya ake naɗe masa hannu har ya zama dutse. Mamuda ya ce a'a, kada a ji wa mai ciniki ciwo. Ya cusa auduga a tsumma ya naɗe wa Auta hannun dama da ita, ya zama kamar matashin kai. Shi kuwa direba aka bar masa hannunsa yadda Allah ya yi shi. Na kaɗa, Auta ya tashi, direba ya rufe ido ya kai duka. Wanda ya rufe ido kuwa bai san inda kai yake ba.

Daga ranar abin ya zama tsari. Ka sayi nama mai kauri, ka samu turmi ɗaya. Labari ya shiga ƙauyuka. Samarin Randagi da na gefen dajin Kamuku, in sun sayar da hatsi, sai su zo su tsaya a layi, kowa yana so ya koma gida ya ce ya kayar da wanda ya kayar da Kututture. A ƙididdigata, a kaka ɗaya an samu mutum sama da talatin da suka fi Kututture ƙarfi, shi kuwa yana can Sakkwato bai sani ba.

Abin da nake yi, kuma shi ne kawai abin da zan iya nunawa ranar hisabi, shi ne ina kallon ƙafafunsa. Aikin makaɗi ke nan, idonsa a kan ɗan dambensa. Da zarar na ga gwiwar Auta ta fara lanƙwasa sai in datse kiɗa, tsumar ta sake shi, ya zauna, wasa ya ƙare. Wani lokaci mai ciniki ya yi gunaguni bai more kuɗinsa ba, Mamuda ya harare ni. Ina jin daɗin wannan hararar, don tana sa in ji kamar ni mutumin kirki ne.

Hassana ta sami Mamuda a tsakar gida wata safiya, na shigo karɓar rabona na tarar da su. Ta durƙusa daga nesa. Hajjo tana zaune a bakin ɗakinta tana kaɗi.

"Yaya, don girman Allah. Jiya bai gane ni ba. Ya tambaye ni wurin wa na zo. Baba ya ce in muna so mu koma Kutemeshi, akwai ɗaki, akwai gona. Can babu kiɗa."

Mamuda bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne.

"Hassana, mu a gidanmu ba a kai namiji zaman gidan surukai. Sai a ce Mamuda ya kasa riƙe ƙanensa? Tuwon da yake ci wa yake kawowa? Kuma ke ba ki ga yadda yake murna in ya shiga fage ba? Mutum da sunansa, ki ce a kai shi daji ya zauna da birai."

"Malam Solomon ya ce ko mari..."

"Ai shi ya sa na hana bugun kai."

Ta juya wurin Hajjo. "Inna, ki sa baki."

Hajjo ba ta tsayar da mazarinta ba. "Ke yarinya, dambe gadonsu ne. Ubansu har ya koma ga Allah haƙoransa huɗu ne a baki, ban taɓa jin ya ce wash ba. Ki yi masa addu'a, ki daina yi masa baki."

Da ta ga babu ci gaba, Hassana ta nemi nata maganin. Ranar kasuwar da ta biyo na kaɗa, na kaɗa, Auta yana zaune yana soke nama. Na ƙara ƙarfi, ko gezau. Mutane suka fara kallon juna. Mamuda ya zagayo ya leƙa kunnensa, sai ya kwashe da dariya. Ashe Hassana ce ta cusa masa auduga da man kaɗe, ta danna ta can ciki. Ya ɗauki tsinken tsire ya zaƙulo ta a hankali, kunne ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Mata ke nan." Ya nuna wa direbobi audugar, su ma suka yi dariya. Ni ma na yi, kaɗan.

Akwai ranakun da hankalin Auta yakan dawo na ɗan lokaci. A irin wannan rana ya riƙo gefen rigata kafin a fara.

"Baba Haruna." Na jira sauran maganar ta iso. "Yau... kada ka kaɗa. Kaina kamar da ruwa a ciki."

"To ka ƙi tashi mana, Auta."

Ya dube ni kamar na faɗi abin da bai dace da shekaruna ba. "Ai ka san ba a ƙi."

Na sani. Layi ya riga ya taru, Mamuda ya riga ya karɓi cinikin mutum uku. Na kaɗa masa a hankali, don in nuna ina da imani. A turmi na biyu jini ya biyo ta kunnensa na dama, siriri, ya gangara har wuya. Mamuda ya goge masa da gefen zane ya ce ƙila tsinken ranan nan ne ya sosa wurin.

Da yamma na je na gaya wa Mamuda na daina. Na shirya masa dogon jawabi, har da ayar da na roƙa a wurin liman. Bai bari na kai rabi ba.

"Ba komai, Malam Haruna. Ai ka yi ƙoƙari. Allah ya saka."

Ya sunkuya ƙarƙashin teburin nama ya jawo wani baƙin akwati. Shekarar Udoji ce, ma'aikata sun samu kuɗi, kowa yana sayen rediyo da keke, kaya sun cika motoci. Mamuda ya sayi rikoda a hannun wani direba. Ya danna. Sai na ji hannuna yana kaɗa taken Auta, alhali ga hannun nawa a cikin aljihu. Ashe mako uku ke nan akwatin yana ƙarƙashin tebur yana saurarena.

"Ka ga wannan," in ji Mamuda, "ba ya cin cinya."

Na koma gida raina a ɓace, amma da ɗan sanyi a ƙirji. Na ce ni dai na fita, hannuna babu jini. Na yi barci mai daɗi. Ban tsaya na tambayi kaina wa zai riƙa kallon ƙafafunsa ba.

Ranar kasuwa ina zaune a zaure na ji take ya tashi daga tasha. Na ce ba ruwana. Na ji shewa. Na jira inda ya kamata a datse, ba a datse ba. Shewar ta sake tashi, ta faɗi, ta sake tashi, sannan ta mutu gaba ɗaya, kiɗa kuwa yana ta tafiya shi kaɗai. Na fita ba takalmi.

Waɗanda suke wurin sun ba ni labari daga baya. Wani manomi ne daga Randagi, Usman, ƙato mai hannu kamar taɓarya. Ba mugu ba ne. Bugunsa na farko Auta ya faɗi. Usman ya juya zai tafi, sai ga Auta ya miƙe ya ja ƙafa baya, don take yana kaɗawa. Mutane suka ce, "Bai ƙoshi ba, ƙara masa!" Ya ƙara. Auta ya faɗi, ya tashi. Sau huɗu. A na huɗun Usman ya ɓoye hannunsa a baya yana roƙon a kashe abin, Auta ya kai masa dukan auduga, ya wuce shi, ya tafi da ka a kan dutsen tukuba. Mamuda yana can yana yanka wa wani direba albasa. Da ya taso kuma, ya rasa wane maɓalli ne na kashewa, ya danna na ƙara murya.

Lokacin da na isa Auta yana kwance rub da ciki, ƙafarsa ɗaya tana ta neman ƙasa za ta tashi. Kaset ɗin da kansa ya ƙare. Ƙafar ta tsaya.

Malam Solomon ya zo gida ya duba shi. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya tambayi Mamuda ko ya tuna abin da ya gaya masa, Mamuda ya ce ƙwarai kuwa, shi ya sa tun farko ya hana bugun kai, amma mutanen ƙauye ba sa jin magana. Hajjo ta ce ƙaddara ta riga fata.

Kwana uku bai san inda yake ba. A na huɗu ya buɗe ido. Ɓarinsa na dama ya mutu tun daga kafaɗa har ƙafa. Hassana ta jingina shi da bango tana ba shi kunu da ludayi. Ta kira shi bai juyo ba. Ta tafa hannu a bayan kansa bai juyo ba.

Mamuda ya bari aka yi mako biyu, don shi mutum ne mai haƙuri. Sannan ya ɗauko rikoda ya sa sabon batir ya ajiye a kan tabarma dab da kunnen Auta, ya ce yana so ya ga ko jinin zai motsa. Auta ya ci gaba da shan kununsa. Mamuda ya ce ƙila akwatin ne, ai kiɗan inji ba ya kai na hannu. Ya aiko a kira ni. Na ce ba zan je ba.

Sai ga Hassana da kanta a ƙofar gidana.

"Baba, ka zo ka kaɗa."

"Hassana, ni kuma? Bayan duk..."

"Ka zo ka kaɗa da ƙarfi, iya ƙarfinka. Kada ka rage komai. Ina so su gani da idonsu."

Na rataya kalangu na bi ta. Na tsaya a tsakar gidan nan, Mamuda a tsaye, Hajjo a bakin ɗaki, maƙwabta a kan katanga. Tun da na yi taken nan ban taɓa kaɗa shi kamar ranar ba, ko a Kaduna. Na matse kalangu har ya yi magana, ya kira na Hajjo, ya kira gatari. Wani tsohon ɗan dambe da yake wucewa a waje sai da aka riƙe shi. Hawaye suna zubo mini ina kaɗawa, ina jin kunya da baƙin ciki, ina kuma roƙon Allah a zuciyata, karo na farko a rayuwata, kada ɗan dambena ya tashi.

Auta yana kallon wata kaza da take tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya buɗe baki Hassana ta ƙara masa ludayi ɗaya.

Na tsaya. Mamuda ya sosa ƙeya. Ya yi gyaran murya.

"Hassana, kwanaki kin ce babanki yana da ɗaki a Kutemeshi ko?"

"Na ce, Yaya."

"To ai ina ganin iskar ƙauye za ta yi masa kyau. Nan hayaniya ta yi yawa, ga hayaƙi. Dama mu ba mu taɓa hana ki ba."

"Mace ai ita ce da jinyar mijinta," in ji Hajjo.

Washegari aka ɗora shi a kan jaki, surukinsa yana ja, Hassana tana tallafe da shi ta gefen da ya mutu. Mamuda ya ba su ƙunshin kilishi su ci a hanya. Warkin da layun da jaridar gilashi ya ce a bar su, kada su lalace a ƙauye.

Bayan damina na je Kutemeshi. Na same shi a bakin gonar surukinsa, inda dawa ta yi iyaka da daji, zaune a inuwar kaɗanya. Sun ba shi aikin korar birai. An kife masa garwa a gabansa, an ba shi sanda a hannun hagu. Ya yi ƙiba kaɗan. Bai gane ni ba, amma ya matsa mini wuri. Da wani biri ya leƙo, ya ɗaga sanda ya fara bugun garwa, sai na kasa kunne. Takensa yake kaɗawa, daidai, ko bugu ɗaya bai kuskure ba. Ya kaɗa shi har ƙarshe yana zaune.

Rumfar Mamuda tana nan a bakin tasha, tukuba uku yanzu. Ranar kasuwa yakan sa kaset ɗin, direbobi su tsaya su kalli hoton su tambayi ina mai shi.

"Yana ƙauye yana hutawa," in ji Mamuda, yana barbaɗa yaji. "Ai mun sha wahala da shi. Amma ɗan'uwa ba a yar da shi."